Daga teburin karta zuwa kujerar manaja: matan gidajen cacar Las Vegas

Kafin a bar sabuwar ma'aikaciya ta taɓa karta a gidajen caca na Las Vegas, sai an koya mata yadda ake barin tebur. Idan lokacin hutunta ya yi, za ta tafa hannu sau ɗaya, ta buɗe tafukanta sama, ta kife su, sannan ta ja da baya. Kyamarorin da ke maƙale a rufi take nuna wa cewa ba ta tafi da ko sule ɗaya ba. Rigar aikinta ba ta da aljihu, in kuwa wandon yana da shi, akwai ƙyallen da ake ɗaurawa a ƙugu ya rufe shi. Ba ta karɓar kuɗi hannu da hannu. Mai wasa zai ajiye a kan tebur, ita ta baje takardun ɗaya bayan ɗaya yadda na sama zai ƙirga tare da ita, ta faɗi adadin da ƙarfi mai kula ya ji, sannan ta cusa su ta wata 'yar kafa su faɗa akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin teburin. An gina sana'ar ne a kan rashin yarda. Mai rabo tana kallon 'yan wasa, mai kula yana kallonta, shugaban rukuni yana kallon mai kula, kyamara kuma tana kallon kowa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bahaushe da wannan. A wurinmu caca haramun ce kuma abin kunya, ni ma ban zo wanke ta ba. Sai dai a jihar Nevada ta Amurka masana'anta ce mai lasisi tun 1931, mai haraji da hukumar sa ido, dubun dubatar gidaje ne ke ci daga gare ta, kuma duk wanda ya leƙa falon caca zai ga mata birjik a bayan tebura. Abin tambaya shi ne me ya sa suke raguwa da zarar an fara hawa bene. Ana yin irin wannan tambaya a bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati, amma a gidan caca matakan tsanin a fili suke, ana iya ƙirga su, ana kuma iya nuna wurin da ya karye.

Aikin rabon karta ya fi yadda ake zato wuya. Mai son shiga takan biya kuɗin makaranta daga aljihunta, ta yi 'yan makonni ko watanni tana koyon wasa ɗaya ko biyu. Hannu ake fara horarwa: yadda ake cuɗa karta ba tare da ta ƙasa ta bayyana ba, yadda ake wurga wa kowa tasa ta tsaya daidai gabansa, da yadda ake ɗibar sulallan roba da ke madadin kuɗi. Ƙwararriya takan ɗebi tsibi na 20 cif ba tare da ta duba ba, yatsunta sun san tsayinsa. Bayan hannu sai kai. A wasan ashirin da ɗaya, wanda shi ne aka fi farawa da shi, idan mai wasa ya samu 21 a katunan farko a al'ada ana biyansa uku a kan kowane biyu, wato wanda ya zuba dala 35 zai karɓi dala 52 da rabi, kuma dole lissafin ya fito kafin hannu ya kai ga tire. Rulet ya fi haka rikici. Lamba ɗaya tak tana biyan 35, tsakanin lambobi biyu 17, kusurwar huɗu 8. Idan mutum ya ɗora sulalla 7 a kan lambar da ta fito, da wasu 3 a kan iyakarta da maƙwabciyarta, hakkinsa 296 ne, ga kuma wasu mutum biyar a teburin kowa da launin sulallansa, wani ya sha ya yi tatul yana ihu, wani yana busa mata hayaƙin sigari a fuska, domin dokar hana shan taba a cikin gine-gine da Nevada ta yi a 2006 ba ta shafi falon caca ba.

Takardar makaranta ba ta ba da aiki. Gwaji ake yi a tebur na gaske da kuɗin gaske, manaja yana tsaye a bayanta. Wadda ta ci takan fara a ƙananan gidajen tsohon gari ko na bayan gari, inda ake zuba kuɗi kaɗan, tukuici ma kaɗan, kuma sabon shiga ne ake jibga wa aikin tsakar dare da ranakun bukukuwa. Albashin gida bai wuce mafi ƙarancin da doka ta yanka da wani abin kirki ba. Tukuicin 'yan wasa ne ainihin abin rayuwa, kuma a mafi yawan gidaje tara shi ake yi wuri ɗaya a raba gwargwadon awannin da kowa ya yi. Galibi akan yi awa ɗaya a tsaye, a huta minti 20, a koma. Tsofaffin masu kula suna da wata magana da suke jefa wa mai rabo in ta yi ƙorafi, ita ce ta rufe bakinta ta raba karta.

Ko wannan tsayuwar ma ba da sauƙi mata suka same ta ba. Abin mamaki, lasisin caca na farko da aka bayar a Las Vegas a 1931 sunan mace ne a kansa, Mayme Stocker, mai gidan Northern Club da ke titin Fremont. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma masu tarihin garin sun ce 'ya'yanta maza ne suka fi riƙe harkar wasan. A Reno, can arewacin jihar, gidan Harolds Club ya yi suna wajen ɗaukar mata masu rabo, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu da maza suka tafi fagen daga. Masu gidan sun lura cewa baƙon da bai taɓa shiga gidan caca ba ya fi sakin jiki idan mace ce a bayan tebur, baƙon da ya saki jiki kuwa ya fi daɗewa a zaune. Riba ce ta buɗe ƙofar, kuma ba su ɓoye hakan ba.

A Las Vegas labarin ya sha bamban. Da wasu gidaje suka fara ɗaukar mata, sai maza masu rabo suka tayar da ƙayar baya, suna cewa za a karya musu farashin aiki. A 1958 majalisar birnin ta biye musu, ta hana mata raba karta a cikin gari. Babban titin otal-otal da ake kira Strip ba ya ƙarƙashin majalisar birnin, amma gidajensa ma suka bi sahu ba tare da an tilasta musu ba. Mace na iya kai giya tebur, ta ba da canji, ta sayar da sigari, ta yi rawa a dandamali, amma ba ta taɓa karta. Majalisar dokokin Amurka ta haramta nuna bambancin jinsi a wurin aiki a 1964, duk da haka sai a 1970 aka janye hanin, kuma a shekarar ce gidan Silver Slipper ya tsayar da mace a tebur a kan Strip. Sauran gidajen suka yi ta jan ƙafa, har sai da hukumar tarayya mai kula da daidaito a wurin aiki ta sa manyan gidajen suka rattaba hannu kan yarjejeniya a gaban kotu a 1981, suka yi alkawarin ɗaukar mata a ayyukan da ake hana su.

Shekaru 12 na hani, da wasu goma na jan ƙafa, sun yi ɓarnar da ta wuce lissafin shekarun. A tsohon tsari ba a naɗa kowa manajan falo sai wanda ya taso daga tebur: mai rabo ya zama mai kula da tebura uku ko huɗu, daga nan shugaban rukuni, sai manajan kwana, sai manajan falon gaba ɗaya. Tafiya ce ta shekara ashirin ko fiye. Wadda aka hana taka matakin farko a 1960 ba za a same ta a na biyar a 1980 ba, kuma waɗanda suka riga ta hawa su ne masu zaɓen wanda zai biyo bayansu. A garin da aka daɗe ana samun aiki ta hanyar wa ka sani, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma wani shinge da na waje ba ya gani, shi ne wasan jifan ƙwaya, irin ƙwayar lido, wanda suke kira kiraps. Shi ne mafi wuya a falon. Teburinsa dogo ne, ma'aikata huɗu ke kewaye da shi, biyu suna biya, ɗaya yana riƙe da sanda yana kiran abin da ya fito, ɗaya yana zaune yana gadin kuɗin gida. Caca iri-iri ke gudana lokaci guda, kowace da nata lissafin. Tsofaffin hannu sun ɗauka cewa wanda bai iya wannan tebur ba bai isa ya shugabanci falo ba, sannan su ne kuma suka ce teburin bai dace da mace ba, wai hannunta ba zai kai tsakiya ba, wai 'yan wasan ba za su yarda ba. Sai aka tara mata a teburan ashirin da ɗaya, inda ake son fara'a, bayan shekaru kuma aka ce ba su san wasanni da yawa ba, don haka ba su cancanci ƙarin girma ba.

Wadda ta tsallake wannan sai ta tarar da wani abin takaici. Matakin farko na ƙarin girma yakan zo da ragin kuɗi. Mai kula da tebura albashi yake ɗauka, ba ya cikin rabon tukuici, saboda haka a manyan gidaje mai rabo takan fi wanda ke duba aikinta samu. Wannan matsala ce ta sa mai gidan caca Steve Wynn ya umarci masu rabo a gidansa su riƙa raba tukuicinsu da masu kula a 2006. Masu rabo suka fusata, suka shiga ƙungiyar ƙwadago, aka yi ta shari'a har kotun ƙolin Nevada ta ba kamfanin gaskiya a 2013. A yi tunanin uwa mai 'ya'ya biyu, ba miji a gida, da ta shekara goma kafin ta samu aikin rana da hutun ƙarshen mako. Aka ce mata ga girma, amma kuɗi zai ragu, kuma za ta koma aikin dare domin a sabon matakin ita ce ƙarama. In ta ce a kai kasuwa, sai a rubuta cewa mata ba su da buri. A ganina lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne.

Ga kuma batun jiki, wanda gidajen caca ba su taɓa jin kunyar sa shi cikin sharuɗɗan aiki ba. Darlene Jespersen ta yi kusan shekara 20 tana aiki a mashayar gidan Harrah's na Reno. A 2000 kamfanin ya fito da dokar cewa dole mata masu irin aikinta su shafa hoda da jan-baki da sauran kayan kwalliya, ta ƙi, aka sallame ta. Ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a 2006 cewa kamfanin bai karya doka ba. A Atlantic City, gidan Borgata ya sa wa masu kai abin sha tebur sharaɗin kada nauyin jikinsu ya ƙaru da fiye da kashi 7 cikin 100, mata fiye da 20 suka kai shi kotu. Gidan da ya saba auna ma'aikaciya a sikeli ba nan da nan yake ganin manaja a cikinta ba.

To, ta ina waɗanda suka kai sama suka bi? A duba Claudine Williams, wadda duk mai ba da tarihin nan yake farawa da ita. An haife ta a Louisiana a 1921, ta fara aiki a gidan caca tun tana budurwa, ta koyi rabon karta da jifan ƙwaya, ta riƙe nata wurin a Texas. Ta san sana'ar ciki da bai. Ita da mijinta Shelby suka koma Las Vegas, suka sayi Silver Slipper, suka sayar wa attajiri Howard Hughes a ƙarshen shekarun 1960, sannan suka buɗe Holiday Casino a 1973. Amma ba ta hau kujerar shugabanci ba sai da mijin ya rasu a 1977. Ita ce mace ta farko da ta shugabanci babban gidan caca a kan Strip, gidan da daga baya ya zama Harrah's. Iyawarta ba abin musu ba ce, kamfanin da ya sayi gidan ma bai rabu da ita ba. Sai dai da a ce ma'aikaciya ce ba mai gida ba, da ba a bar ta ta raba karta ba a shekarun da ta iso. Haka ma Sarann Knight-Preddy, baƙar fata ta farko a mata da ta samu lasisin caca a Nevada: sai da ta bar Las Vegas ta tafi ƙaramin garin Hawthorne ta mallaki nata wurin a farkon shekarun 1950.

Ƙofa ta biyu ta buɗe ne da sauyin masu gidajen. Dokokin da Nevada ta yi a 1967 da 1969 sun ba kamfanoni masu sayar da hannun jari damar mallakar gidajen caca, a hankali suka ture tsofaffin iyayen gida da 'yan daban da ke bayansu. Kamfani yana buƙatar akanta da lauya da mai talla da mai kula da ma'aikata. Na'urorin caca suka zo suka fi tebura kawo kuɗi a jihar, kuma tun wajen 1999 abin da gidajen Strip ke samu daga ɗakunan kwana da abinci da wasanni da taruka ya zarce na cacar kanta. Ilimin tsohon shugaban rukuni ya daina zama shi kaɗai ne mabuɗin ofis. Ta nan Virginia McDowell ta shigo. Ta fannin hulɗa da jama'a da talla ta taso a Atlantic City, ta zama shugabar kamfanin Isle of Capri daga 2011 zuwa 2016, kuma a tsawon wannan lokaci ba ta da takwara mace a manyan kamfanonin caca na ƙasar. Jan Jones Blackhurst kuwa daga siyasa ta zo: ita ce mace ta farko da ta zama magajin garin Las Vegas, daga 1991 zuwa 1999, kafin ta zama babbar jami'a a kamfanin da yanzu ake kira Caesars. McDowell tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Global Gaming Women domin horar da na baya.

Amma ƙofar gefe tana da iyakarta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Nevada ta Las Vegas, aka wallafa a 2018, ya gano cewa mata na riƙe da kimanin kashi 35 cikin 100 na muƙaman manaja zuwa sama a gidajen cacar Amurka. Adadin ba laifi, sai an duba inda suke zaune. Sun fi yawa a sashen kula da ma'aikata da hulɗa da jama'a da shirya taruka, sun yi ƙaranci a sashen gudanar da falon caca, kuma suna ƙara raguwa yayin da ake kusantar kujerar ƙoli. Kwamitin daraktoci kuwa idan zai naɗa shugaba, wanda ya taɓa riƙe riba da asarar gida guda yake nema, ba wanda ya shirya biki ba, komai kyan bikin.

Abin da ya girgiza garin a 'yan shekarun nan abin kunya ne ya jawo shi. A watan Janairun 2018 jaridar Wall Street Journal ta buga zarge-zargen da ma'aikata mata suka yi wa Steve Wynn na cin zarafi da lalata. Ya musanta, amma cikin makonni biyu ya sauka daga shugabancin kamfanin da ke ɗauke da sunansa. A watan Janairun nan ne aka naɗa Becky Harris, lauya kuma 'yar majalisar dattawan jiha, shugabar hukumar sa ido kan caca ta Nevada, mace ta farko tun kafa hukumar a 1955, kuma binciken a teburinta ya faɗo. A 2019 Nevada ta ci tarar kamfanin dala miliyan 20 saboda manyansa sun ji koke-koke sun kau da kai, jihar Massachusetts ta ƙara masa miliyan 35. Kamfanin ya yi maza ya sa mata uku a kwamitin daraktocinsa cikin watan Afrilun 2018. Elaine Wynn, tsohuwar matarsa da suka kafa kamfanin tare, wadda aka cire daga kwamitin a 2015, ita ce ta zama mai hannun jari mafi yawa, ta kuma matsa aka yi wa kwamitin garambawul. Matan da suka cancanta suna nan tun da can, ba a watan Afrilu aka haife su ba. Bayan Harris, wata macen ce ta karɓi hukumar, Sandra Douglass Morgan.

A wajen Amurka ma hanyar ba ta canza sosai ba. A Makau, inda cacar ta fi ta Las Vegas kawo kuɗi, manyan mata su ne Pansy Ho da Daisy Ho, 'ya'yan Stanley Ho wanda ya riƙe harkar shi kaɗai na tsawon shekara 40, da matarsa Angela Leong. A Ingila, Denise Coates ta fara ne da karɓar kuɗi a shagon caca, ta yi karatun lissafin tattalin arziki, ta kafa kamfanin caca na bet365 a wani ɗan ofishin wucin gadi a garin Stoke, har ta kai ga biyan kanta albashin fam miliyan 421 a shekara guda. Kantar da ta fara tsayawa a kai ta shagon mahaifinta ce.

Masu shirya tarukan karrama mata a wannan masana'anta suna son a ɗauki hawan mace kujera a matsayin gyaruwar sana'ar. Ban yarda da su ba. Faifan rulet na Amurka gurbi 38 gare shi, ana biyan mai nasara kamar 36 ne, bambancin nan shi ne dala 5 da 'yan kai da gida ke ci a kowace dala 100 idan wasa ya yi tsawo, kuma duk wanda aka naɗa manaja an naɗa shi ne don ya tsare wannan kaso. Abin da shugabancin mata zai iya sauyawa yana cikin gida: wa ake turawa koyon teburin ƙwaya, yadda ake raba aikin dare, ko ƙarin girma zai daina zama asara, da abin da ke faruwa idan ma'aikaciya ta kai ƙarar babban baƙo ko maigida. Ga mai tsayuwar awa takwas a bayan tebur, waɗannan su ne sana'ar.

A 2024, manyan kamfanonin caca huɗu masu hedkwata a Nevada, wato MGM Resorts da Caesars da Wynn Resorts da Las Vegas Sands, duk maza ne ke shugabancinsu. Macen da ta fi kowa ƙarfi a cikinsu ita ce Miriam Adelson, likita, wadda ita da iyalinta ke riƙe da fiye da rabin hannun jarin Sands tun bayan rasuwar mijinta a 2021.